Motar kaya tana tashi, ba ta cika minti guda sai ta mutu: a cire famfon injekta?

Tambaya daga wani Alhaji mazaunin Aboabo a Kumasi: "Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar motar kaya mai shan dizal, Kia Rhino, tana ɗauko doya daga Ejura da Techiman. Mako biyu ke nan, da safe murɗa makulli ɗaya take tashi, amma ba ta cika minti guda sai ta fara rawa ta mutu. Daga nan sai an daɗe ana buga sitata kafin ta sake kamawa. In ta kama takan wuni tana aiki, sai dai jiya ta mutu wa direba a kan tudu. An sauya filtar mai, an sa sabbin batura biyu, ba ta sauya zani ba. Fitan, wato bakaniken da ke duba mana ita, ya ce a cire famfon injekta a kai Magazin, unguwar makanikai ta Suame. In yarda?"

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya tsare hanya, ya kiyaye asara.

Kada ka bari a kwance famfon nan tukuna. Motar da take tashi da murɗa makulli ɗaya da sanyin safiya ta riga ta ba ka shaida a kan abubuwa da yawa: batir da sitata lafiya suke, fistin yana matse iska yadda ya kamata, taimin bai goce ba, famfon injekta kuma yana tura mai da ƙarfinsa. Famfon da ya cinye da zafi yake ba da wahala. A kashe mota a shingen 'yan sanda ko a gidan mai ta ƙi tashi, ko ta wuni ba ƙarfi. Taka kuwa in ta kama sai ta wuni tana aiki. Abin da ka kwatanta ya fi kama da iska da ke shiga layin mai cikin dare, man ya zurare ya koma tanki. Da safe injin ya ƙona ɗan abin da ya rage a cikin famfo, iskar ta iso, ya mutu. Doguwar sitatar da ake bugawa daga baya ita ce take sake jawo man daga tanki. Cire famfo a wannan hali an bar jaki ke nan ana dukan taiki, kuma sau da yawa garin cirewa da mayarwa ake ɓata taimin, mota ta dawo da ciwo biyu.

Abu ɗaya na gaggawa: kada a sake lodin motar nan sai an gano ciwon. Injin da ya mutu a tafe yana tafiya da ƙarfin sitiyari, kwamfuresa kuma ta daina tara iskar birki. A gangaren Mampong, da doya cike da bodi, wannan maganar rai ce.

Gobe da safe, kafin kowa ya taɓa komai, a sa weji gaba da bayan taya, giya a firi, a ja hambirki. In za a kifa kan motar, a kifa shi har ƙarshe a tokare, kada yaro ya shiga ƙarƙashin kan da ke tsaye a rabi. Mutum ɗaya ya riƙe waya yana ƙirga daƙiƙa, wani ya tsaya wajen salansa. Ana so a san tsawon lokacin da ta yi, yadda ta mutu, da irin hayaƙin da ta fitar. Wadda ta mutu cikin daƙiƙa 2 ko 3, tsaf kamar an murɗe makulli, ba rawa ba hayaƙi, wuta aka yanke mata. Wadda ta yi daƙiƙa 20 zuwa minti 2, silo yana hawa yana sauka, tana rawa, wani lokaci da ɗan farin hayaƙi, mai ne ya ƙare mata a hanya. Wadda ta yi minti 10 ko 20 sannan ƙarfinta ya riƙa raguwa har ta mutu, in an bar ta ta huta kuma ta tashi, wani abu ne ya toshe, galibi a tanki. Wadda ta turnuƙe da baƙin hayaƙi kafin ta mutu, numfashi ta rasa. Taka tana cikin kashi na biyu, mutuwar kan tudu kuma tana nuna tanki ma yana da hannu.

A ja wa direba kunne kan sitata. Daƙiƙa 15 ya isa, a huta minti 2 ta huce. Kuma a daina tsoma tsumma a fetur ana kangawa a bakin iska, ko fesa maganin sauro. Yana tayar da mota, amma yana fasa ringi, in akwai hita a injin kuma yana iya kamawa da wuta a hannun mutum.

Sai ka san hanyar da man yake bi, don ka iya bin bakanike da ido. Daga tanki yana hawa ta wani bututu da ke tsaye a ciki, ya bi layi a jikin shasi, ya ratsa filtar farko mai raba ruwa in akwai, ya shiga ƙaramin famfon da ke jawo shi. Daga nan ake tura shi cikin babbar filta, ya shiga famfon injekta, ragowar ta koma tanki ta tiyon mayarwa. Daga tanki zuwa ƙaramin famfon nan zuƙa ake yi. Shi ya sa huda a wannan sashe ba ta ɗiga, iska take sha. Bakanike zai leƙa ya ce ko'ina a bushe yake, babu yoyo, kuma gaskiya ya faɗa, amma ko hudar da ba ta kai bakin allura ba tana iya kashe inji mai silinda 6. Ƙaramin famfon yana zagayo da mai fiye da abin da injin ke sha nesa ba kusa ba, don haka iskar da ta taru a layi ba ta ɗaukar minti guda ta iso.

Gwajin da zai raba gardama shi ne na galan. A samo galan mai tsabta, busasshe, a zuba lita 5 na dizal daga gidan mai da ka amince da shi. In galan ɗin Kufuor ne, rawayar jarkar nan ta roba, da aka taɓa zuba mangyada ko ruwa, a wanke shi da dizal tukuna. A samo tiyo biyu sabbi, milimita 8 ko 10 gwargwadon layin motar. A cire layin da ya taho daga tanki a bakin ƙaramin famfo, a sa tiyo ɗaya daga nan zuwa cikin galan. Tiyon mayarwa ma a juyo shi cikin galan ɗin. Yara kan manta da wannan, sai galan ya ƙare cikin 'yan mintuna, man ya tafi tanki, a ce gwaji ya nuna famfo ne. A fitar da iska, a tayar, a bar ta minti 15. Sannan a kashe, a bar komai yadda yake har gari ya waye, domin ciwon naka na kwana ne.

In da safe ta tashi ta zauna daram, famfon injekta ya kuɓuta, filta da ƙaramin famfo ma haka. Ciwon yana tsakanin tanki da inda aka cire layin. In ta sake mutuwa, a ɗaga galan ɗin sama da inji, a ɗaure shi a kan motar, man ya riƙa gangarowa da kansa. Ta gyaru a haka? To ƙaramin famfo ne ya gaji, ko famfon hannu da ake dannawa a jawo mai, ko kan filta ke shan iska. Wani amfanin ɗagawar shi ne, hudar da take shan iska a ɓoye yanzu za ta fara naso, a gan ta da ido.

Abokin aikin galan shi ne tiyo mai garai-garai, irin wanda magina ke auna lebur da shi. A yanka guntaye kamar santimita 30, a sa ɗaya kafin ƙaramin famfo, ɗaya tsakanin babbar filta da famfon injekta, ɗaya a layin mayarwa. Inji yana silo, a haska tocila ta bayan tiyon. Man kirki yana wucewa sumul. 'Yan ƙwayoyin iska jefi-jefi bayan an buɗe layi ba komai ba ne, za su ƙare cikin minti 2 ko 3. Jerin kumfa da ba ya yankewa, kuma yana ƙaruwa in an taka totur, shi ake nema. Inda kumfar ta fara bayyana, hudar tana bayansa ta wajen tanki. Da dare a lanƙwasa tiyon ya yi baka sama, a ja layi da biro inda man ya tsaya. In da safe an tarar da iska ta cika bakan, ka ga zurarewar da idonka. In an gama duk gwaji, har da na bayan gyara, a cire tiyon nan, domin dizal da zafi suna busar da shi ya tsage.

Wuraren da iska ta fi shiga sanannu ne. Na farko washar jan ƙarfe da ke kan boltin nan masu rami a ciki, biyu-biyu a kowane bolti. Sau ɗaya aka yi su su matsu, amma a gareji ana mayar da tsohuwa sau biyar, a ƙara ɗaurewa da ƙarfi har zaren ya lalace. Ka ciro ɗaya ka duba: za ka ga zobe ya kwanta a jikinta, ta yi tauri, ta daina ja. Kuɗinta bai kai na kokon safe ba. A sauya su duka rana ɗaya. In babu sabuwa a kusa, a gasa tsohuwar ta yi jawur a bar ta ta huce, za ta yi laushi ta kai ku gida.

Na biyu ita ce filtar da kuka sauya. Ina so a sake kwance ta. Sau da yawa tsohuwar robar tana maƙalewa a kan filta, a ɗaura sabuwa a kanta, roba biyu su hau juna. Wani lokaci filtar ta shiga zare amma faɗin robarta ba na motar ba ne. A shafa wa robar dizal, a murɗa da hannu har ta taɓa, a ƙara kashi uku cikin huɗu na zagaye, ba da sarƙa ba. A duba ɗan famfon zubar da ruwa da ke gindin filtar farko, shi ma yana da roba ƙarama da take tsagewa.

Na uku, wanda na fi zargi a motarka, shi ne famfon hannu da bawul ɗin ƙaramin famfo. Leƙa famfon injektarka. In bututun ƙarfen sun fito a jere a samansa, famfon jere ne, kuma ƙaramin famfon yana manne a gefensa da ɗan murfi da ake warwarewa a riƙa dannawa. Robar cikin wannan madannin tana tsufa ta riƙa shan iska, musamman in an gama aiki ba a murɗe shi ya kulle ba. A ƙarƙashinsa da ɗaya gefen akwai bawul biyu ƙanana na roba mai tauri, kowanne da siririn sifirin. Su ne ke hana mai komawa baya. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta zauna a bakin bawul, man ya kwana yana zurarewa. A kwance, a wanke, a duba fuskar bawul ɗin a haske: in ta yi zobe ko ta karce, a sa sabo. Ana samun su a Suame, a Accra kuma a Abossey Okai. A bakin shigar ƙaramin famfon akwai 'yar raga, wata a cikin kofin gilashi, wata a ɓoye cikin boltin kansa. Mutane da yawa sun shekara da mota ba su san da ita ba, kuma ita ce ke fara cika da datti.

In duk da haka ba a ga hudar ba, a bi layin da giris. Inji yana silo, ana kallon tiyo mai garai-garai, a shafe mahaɗa ɗaya da giris mai kauri, a jira rabin minti, a wuce ta gaba. Inda kumfa ta tsaya, nan ne. Ko a cire layin daga tanki da kuma famfo, a toshe baki ɗaya, a hura iska kaɗan da famfon keke, kada ta wuce rabin bar a agogon matsi, a bi da ruwan sabulu. A lura da inda kilif ya riƙe bututun ƙarfe a shasi, nan girgiza ke cinye shi ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Kada a kuskura a hura wa tanki iskar birki. Bar 8 yana kumbura tanki ya fasa walda. Duk inda aka taɓa naɗe layin mai da robar tayar keke, a yanke a sa sabon tiyo.

A famfon jere akwai wani bawul a inda layin mayarwa ya fita, kamarsa ɗaya da bolti mai rami, amma da sifirin da ƙwallo a ciki. Aikinsa ya riƙe matsin mai a cikin famfon, wajen bar 1 zuwa 2 a yawancin injuna. In sifirin ya karye, man yana wucewa ya koma tanki, famfon ya zauna da yunwa. A matse tiyon mayarwa na roba da filaya daƙiƙa kaɗan: in silo ya daidaita nan take, shi ne. A ƙananan motoci masu famfon zagaye, irin Kia Bongo da Hyundai Porter na da, inda bututun ke fitowa a da'ira ta baya, boltin mayarwa yana da rubutun OUT a kansa da rami ɗan tsito. In aka musanya shi da na shiga, mota za ta tashi, ta yi silo, a taka totur ta mutu.

Yanzu tanki, da mutuwar kan tudu. Tambayi direba ko man ya yi ƙasa da rabi a lokacin. Bututun da ke tsaye cikin tanki yakan tsage daga sama, wajen walda. In tanki a cike yake, tsagar tana cikin mai, ba matsala. Man ya sauka ko ya karkata baya a kan tudu, ta fara shan iska. A ciro bututun a toshe baki ɗaya a hura. A haska cikin tankin kuma. Leda, guntun tsumma, murfin galan da busasshen gam na gaskit duk ana tsamo su daga tankunan manyan motoci. Ledar tana yawo, zuƙa ta janyo ta ta manne a bakin bututu, inji ya mutu, zuƙa ta saki, ledar ta tafi, mota ta tashi kamar ba ita ba. Irin wannan ne ke sa a fara maganar sammu.

Murfin tanki yana da hanyar numfashi. In ta toshe da laka, ko an ɓatar da murfin an ɗaure bakin da leda da roba, ko an ƙera wani mai kwaɗo saboda ɓarayin mai ba a bar masa huda ba, tanki yana shaƙewa a hankali. Da zarar ta mutu a buɗe murfin a saurara. In an ji ya ja iska fuu, a tayar da murfin a buɗe a gani.

Sai ruwa. A zubo abin da ke gindin filtar farko cikin kwalbar gilashi, a ajiye minti 10. Ruwa ya fi dizal nauyi, zai kwanta a ƙasa da layi a fili. Da damina tankin da ke kwana rabi yana yin gumi a ciki, robar murfi da ta mutu kuma tana shigar da ruwan sama. Inda ruwa ya daɗe a ƙarƙashin mai, wani baƙin yauƙi yana tsirowa, yana iya toshe sabuwar filta cikin kwana biyu. A yanka tsohuwar filtar a buɗe takardar. In ta yi baƙi da santsi, sauya filta ba zai yi magani ba, sai an sauke tanki an wanke an shanya. In kuma ana zargin an gauraya man, musamman na galan a bakin hanya, a auna lita 1 daidai a sikeli. Dizal yana tsakanin giram 820 da 860, kananzir wajen 800, fetur wajen 740.

Duk sanda aka buɗe layi sai an fitar da iska, kuma bi da bi ake yi. A sassauta sukurun da ke kan filta, a danna famfon hannu har man ya fito ba kumfa, a ɗaure ana cikin dannawa. A koma na jikin famfon injekta a yi haka. A ci gaba da dannawa har hannu ya ji tauri, a murɗe madannin ya kulle. In ta ƙi kamawa, a sassauta notin bututu biyu ko uku a bakin nozul rabin zagaye, a rufa tsumma, a buga sitata har man ya tsarto, a ɗaure. Wannan na tsofaffin injuna ne kaɗai, kuma hannu ya yi nesa.

In ƙirgar safiya ta nuna mutuwar tsaf ce ba rawa, sai a koma wuta. Tsohon injin dizal ba ya bukatar wuta ya yi aiki, sai dai abin da ke buɗe masa mai. A famfon zagaye solinoyid ne mai waya ɗaya a bayan famfon. A murɗa makulli, ya kamata a ji ƙas. A sa kwan gwaji a kansa a tayar: in kwan ya mutu kafin injin, laifin makulli ne, ko rile, ko fis, ko waya. In kwan yana ci inji ya mutu, a kwance solinoyid ɗin da sifana 24 a duba ɗan sandan da sifirin da robar bakinsa. A famfon jere wasu waya ake ja da hannu, wasu ɗan injin lantarki ne ke jan wayar, wasu solinoyid ne mai waya uku. Mai waya ukun naɗi biyu gare shi: ɗaya mai ƙarfi da ke fizgo shi lokacin sitata, ɗaya mai cin wuta kaɗan da ke riƙe shi. In na riƙewar ya ƙone, mota za ta tashi, a saki makulli ta mutu. A tsaya a kalli hannun kashewa a jikin famfon, za a ga ya koma da kansa.

Batura biyu masu caji suna nuna wajen volt 25 a huce, kada su faɗi ƙasa da 19 lokacin sitata, in inji na aiki kuma a ga kusan 28. A goge kan batir da wayar da ta haɗa inji da shasi har ƙarfe ya yi fari. In an sa wa motar na'urar bin sawu mai kashe inji daga waya, a nemo rilenta a bayan dashbod. Yawanci murɗa waya aka yi aka naɗe da salatif, kuma girgizar hanya tana kwance ta.

Akwai wani ciwo da ke rikita ko tsofaffin makanikai. A wasu motoci, irin tsofaffin Benz, iska ce ke rufe birkin salansa ta kuma ja hannun kashe famfo. Da safe tankunan iska babu komai, mota ta tashi lafiya. Allurar iska tana hawa, bawul ɗin da ya lalace ya saki iska zuwa silindar birkin salansa, ta rufe salansa, inji ya shaƙe. In kullum a lamba ɗaya ta agogon iska take mutuwa, a cire tiyon iskar silindar nan a gwada. Ko ba iska, farantin birkin salansa yakan cije a rufe saboda tsatsa da baƙin toka. Filtar iska kuma, da hunturu a hanyar arewa, mako kaɗan take cika. A cire ta a tayar na minti 1 a wuri marar ƙura, a duba ko tiyon iska yana lotsawa ciki in an taka totur.

Masu DAF, MAN, Actros, Volvo da sauran motoci masu kwamfuta, wadda a nan ake kira kwantirol bod, gwajin galan da tiyo yana yi musu aiki, amma a fara da sa na'urar bincike kafin a cire batir ko a goge komai. Na'urar tana nuna lambar laifi: a manyan motoci SPN 94 matsin man da ke shigowa ne, 157 matsin babban bututun injekta, 97 ruwa a mai, 100 matsin baƙin mai, 111 ƙarancin ruwan lagireto, 636 sansar juyawar inji. A ƙanana za a ga P0087 in matsin mai ya gaza, P0335 ko P0340 in sansar kuransha ko kamsha ce. Wasu injunan an saita su su kashe kansu in baƙin mai ko ruwa ya yi ƙasa. Kada a yi wa sansar gada da waya. A ɗaura agogon matsi na hannu a tabbatar, domin in da gaske matsin babu, kashewar ce ta ceci injin. In hoton makulli yana ƙiftawa a dashbod, a gwada ɗaya makullin. Sansar kuransha mai waya biyu takan nuna ohm 500 zuwa 1,500, kuma ta fi yankewa da zafi, ta dawo in ta huce.

Injin kwaman rel, mai babban bututu ɗaya da ke raba wa injektoci mai, yana bukatar wajen bar 200 zuwa 300 kafin kwamfuta ta yarda ta buɗe injekta, a kan aiki kuma yana iya haura 1,600. Ba a sassauta bututunsa inji na juyawa. Man yana huda fata ya shiga nama, hannun ya ruɓe. In matsin yana faɗuwa, a cire tiyon mayarwa na kowace injekta a sa kwalabe iri ɗaya, a yi silo minti 2. Wadda ta tara ninki biyu ko uku na 'yan'uwanta ita ke zubar da matsin. Filtarsa ta ƙarshe maikuron 2 zuwa 5 ce, ba a cika ta da man galan ta ramin tsakiya, kuma filtar araha a nan injekta take ci. A injin Volvo D12, kofin jan ƙarfen da injekta ke zama a ciki in ya saki, hayaƙin silinda yana shiga layin mai, a ga kumfa a layin mayarwa alhali na shiga garau yake.

Mai ƙaramar motar fetur kuwa ya saurari famfon tanki, ya kamata ya yi ƙara daƙiƙa 2 in an murɗa makulli. In ta tashi ta mutu, a duba rilen famfon, a wanke bakin totur da bawul ɗin silo, a duba tiyon iska ko ya tsage bayan sansa.

Yaushe za a yarda famfon injekta ne? In an ba shi mai mai tsabta daga galan a sama, tiyo ya nuna ba kumfa, matsin shiga ya kai, hannun kashewa yana buɗe sosai, iska da salansa a sake, amma har yanzu silo yana hawa da sauka ko tana mutuwa in an saki totur. Nan ana zargin sandar cikin famfon tana cijewa, ko gwamna, na'urar da ke daidaita gudun inji, ya gaji. Haka in baƙin mai yana ƙaruwa a sanda yana warin dizal, ko an ga ƙyallin garin ƙarfe a filta. To a kai shi, Magazin akwai masu benci da suka san aikinsu. Kafin a cire, a juya inji silinda ta 1 ta zo kan alamar taimin, a ja layi da kurfi a kan gindin famfon da mazauninsa, a ɗauki hoto da waya, kada kuma a sake juya injin. A toshe kowane baki da murfi mai tsabta. A tafi da nozul duka tare da famfon, kowanne da lambar silindarsa. Ka aika wanda zai tsaya a gwada famfon a benci a gabansa tun kafin a buɗe shi, ya ga abin da kowace silinda ta zuba a gilashinta, kuma a dawo maka da duk abin da aka ce an sauya.

Ko mene ne aka gyara, kada a yi lodi a ranar. A bar man tanki ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, a ajiye motar hancinta na kallon tudu, ta kwana biyu ba a taɓa famfon hannu ba. Rana ta uku a murɗa makulli sau ɗaya, a bar ta minti 10 a silo, sannan a hau da ita tudu mafi kusa ba kaya, sau biyu, da guntun tiyon nan mai garai-garai har yanzu a bakin famfon, yaron mota yana kallonsa duk sanda aka tsaya.